Daga Rumbu Zuwa Ɗakin Kwamfuta: Tarihin Tsoron da Muka Gadar wa Yaranmu

Bara da kaka, bayan an gama yankan hatsi, ɗiyar ƙanena ta tafi Maraɗi neman gurbin karatu. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta samu BAC tun karon farko, kuma a gidanmu duk wanda salularsa ta rikice ita yake nema. Da la'asar sai ga ta ta dawo Gabi, takardunta a hannu yadda ta tafi da su. Na ce, "Lafiya? An rufe ne?" Ta ce, "A'a Baba, ba a rufe ba. Cewa aka yi kowa ya zauna gaban kwamfuta ya cika sunansa da kansa. Da layi ya zo kaina sai na ji hannuna na rawa, na ce masu zan je in dawo." Na tambaye ta abin da ta ji tsoro. Ta ce, "Kar in taɓa wani wuri in goge masu aiki, a ce in biya."

Ban yi mata faɗa ba. Na san wannan rawar hannun, don ni ma na yi ta. Bayan haka, cikin shekara talatin da wani abu da na yi riƙe da alli a ƙasar Madarunfa, ina da hannu wajen sa wa waɗansu yaran irin wannan tsoro. Shi ya sa nake so mu malamai da iyaye mu waiwaya baya, mu ga inda abin ya samo tushe. Tsoron nan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Zamanin da ake ɓoye yara

Kawuna, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal a ƙauyenmu, cikin shekarun 1950. Umurni kan fito daga kumandan, ya sauka wurin sarki, daga nan ya sauka wurin maigari: a kawo yara kaza. Da aka hango dogarai tafe, kakarmu ta sunkuce shi ta jefa cikin rumbu, ya wuni kan dammunan hatsi yana jin kukan waɗanda aka kama. Ya tsira a wannan shekara, da shekara ta kewayo aka tafi da shi. A wurare da yawa masu sarauta kansu ƴaƴan barorinsu suke miƙawa, su ɓoye nasu. Ranar 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, yaran da ke makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba.

Wanda aka kai lakwal da igiya, me ya tarar a ciki? Ya tarar da harshen da babu mai jin sa a gidansu, da mushe riƙe da bulala, da alƙalamin ƙarfe da kwalbar tawada. Ɗigon tawada ɗaya a kan kaye ya isa a sha duka. Ya kuma tarar da simbol, wato ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, ya yi ta fakon wani da zai yi kuskure ya miƙa masa, wanda aka tashi da shi a wuya shi ke shan hukunci. Ni da na shiga aji a 1975 na rataya shi ba sau ɗaya ba.

A makarantar allo ma akwai dorina, kada mu ruɗi kanmu. Amma akwai wani bambanci da sai da na girma na lura da shi. Allon na yaro ne. Shi ke ɗauka, shi ke ajiyewa, in ya ɓata rubutu ruwa zai sa ya wanke ya sake. A lakwal kuwa littafi na gwamnati ne, benci na gwamnati ne, kuskure kuma a rubuce yake da jan biro har ƙarshen shekara. Darasin farko da muka haddace a can, tun kafin a, b, c, shi ne kayan makaranta ba naka ba ne, in ka taɓa ka ɓata za ka gane kurenka.

Akwatin da ya shiga aji a 1964

Mutane da yawa ba su san cewa Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka shigar da na'ura mai hoto cikin aji ba. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka fara talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Zuwa 1966 shirin ya kai makarantu kamar ashirin a kewayen Yamai, da yara wajen 800. Malaman da ke kula da azuzuwan matasa ne masu takardar firamare kawai, aka ba su horo na ƴan watanni. Darasi kan zo ta akwatin, gajere, kamar na kwatan awa, daga nan malami da yara su shiga maimaitawa da wasa da zane da tattaunawa. A can ne ma aka gwada kunna akwatin da hasken rana, a ƙasar da ta haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa.

Mu a ƙauyenmu ba mu ga wannan akwati ba. Amma na yi aiki da wani malami wanda a irin wannan aji ya fara karatu, kuma abin da yake tunawa ya yi daidai da abin da masu bibiyar shirin suka rubuta: yaran sun saki jiki, suna magana ba shayi, kaɗan ne suke gudun makaranta. Yakan ce mani, "Mu ba akwatin ne ya koya mana ba, rashin bulalar ne." Shirin bai yaɗu yadda aka so ba. Tsada ta yi masa yawa, malamai masu takardun koyarwa da sufetoci da dama ba su yi na'am da shi ba, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya mutu, gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, ya gaji wurin. A cikin wannan tsakani, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa. Gwaje-gwajen nan biyu abu ɗaya suka nuna: yaron karkara ba ya tsoron sabon abu in an bar shi ya saki baki da hannu. Manya ne suka fi ɗari-ɗari.

Ranar da na fara taɓa linzami

Kwamfuta, ko ordinater yadda muke cewa a nan, ta shigo mana ta ƙofar ofis. A shekarun 1990 in ka shiga babban ofis a Maraɗi za ka gan ta a ɗaki mai sanyi, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya, mutum ɗaya ne ke da izinin taɓa ta. Intanet ya iso Nijar wajen 1997 ta hannun kamfanin SONITEL, daga baya shagunan siber suka fara buɗewa a manyan garuruwa, ana biyan kuɗi a kan awa.

Ni sai a 2004 na fara zama gabanta, ina da shekara 36, ina da mata da ƴaƴa, ina koyar da CM2. Wata takarda aka ce sai an aika ta intanet. Na shiga siber, yaron da ke tsaron shagon bai wuce sa'an ɗalibaina na da ba. Ya ce, "Mushe, ga wuri." Na kama linzamin kamar mai kama kunama, kibiyar ta gudu can ƙuryar allo ta ɓace mani. Na nemi harafin M na rasa. Gumi ya jiƙa mani riga, ga agogo na cin kuɗina, ga samari biyu a baya suna ƙus-ƙus. Yaron ya ce, "Kawo in yi maka, Mushe." Cikin minti uku ya gama. Na biya, na yi godiya, na fita. Shekara huɗu cur ban sake zama gaban kwamfuta ba. Duk takardar da ta taso sai in kai a buga mani.

Ku lura, na samu "gogewa" a ranar, na taɓa na'urar. Amma gogewar kunya ce, sai ta ƙara mani tsoro a kan wanda na shigo da shi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Me ya sa salula ba ta tsorata kowa ba?

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, shi ne ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Cikin ƴan shekaru salula ta shiga kasuwannin ƙauye, ta shiga hannun dillalan dabbobi da ƴan ci-rani masu zuwa Katsina da Kano da Legas. Babu wanda ya buɗe aji don koyar da ita. Innata, wadda ba ta taɓa zama benci ba, ta gane lambar kowane ɗanta da siffar alƙaluman ƙarshe. Jikokinta suka nuna mata da Hausa, a tsakar gida, suna dariya tana dariya. In ta danna ba daidai ba, ta danna ja ta sake.

Akwai binciken da ya tabbatar da amfanin wannan a ƙasarmu. A 2009 da 2010 aka gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, kuma Jenny Aker da abokan aikinta suka bi diddiginsa. A rabin azuzuwan yaƙi da jahilci aka ƙara koya wa manya yadda ake aiki da salula mai sauƙi, a ɗaya rabin aka yi karatu yadda aka saba. Waɗanda aka haɗa masu da salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Manoma ne da matan aure, waɗansu da furfura, amma na'urar ba ta gagare su ba, don suna da buƙatar da za ta biya masu.

Salula kwamfuta ce ƙarama. Wadda ke hannun ɗiyar ƙanena ta fi wadda ta sa ni gumi a 2004 ƙarfi sau ba adadi. Bambancin shi ne salula ta shigo ta kasuwa, kamar allo ta zama ta mai ita, kwamfuta kuwa ta shigo ta ofis da lakwal, ta gaji duk tsoron da ke tattare da su.

Abin da masana suka gano

A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi bayanin abin da ke sa mutum ya yarda cewa zai iya wani aiki. Abin sha'awa, gwaje-gwajensa na farko a kan masu matsanancin tsoron maciji ya yi su. Ya ce yarda da kai tana da mafari huɗu. Na farko kuma mafi ƙarfi, mutum ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Na biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Na uku, ya ji kalmar ƙarfafawa daga wanda ya yarda da shi. Na huɗu, yadda yake fassara abin da jikinsa ke yi, kamar faɗuwar gaba da gumi: in ya ɗauke su shaidar cewa ba zai iya ba, sai ya ja da baya.

A 1995 Deborah Compeau da Christopher Higgins suka auna wannan a kan kwamfuta, da ma'aikata sama da dubu ɗaya a Kanada. Suka ga wanda ya yarda zai iya ya fi yawan amfani da ita kuma fargabarsa ta fi ƙanƙanta, kuma ganin abokan aiki suna amfani da ita da ƙarfafawarsu na ƙara wannan yarda. Wani abu ya ba su mamaki: yawan samun mai taimako bai ƙara wa mutane yarda da kansu ba, alƙaluman ma akasin haka suka nuna. Hasashensu shi ne, wanda kullum ake karɓa a yi masa, ba ya samun damar ganin cewa shi ma zai iya. Da na ji wannan sai na tuna yaron siber da "kawo in yi maka, Mushe." Alheri ya yi nufi, amma ya tafi da abin da na fi buƙata.

Haka zoben yake juyawa. Tsoro ya hana taɓawa, rashin taɓawa ya hana iyawa, rashin iyawa ya ƙara tsoro. In an samu nasara ɗaya ƙarama, sai ya juya ta ɗaya gefen.

A 1999 Sugata Mitra ya girka kwamfuta cikin bango a wata unguwar talakawa ta birnin Delhi a Indiya, ya bar yara da ita ba malami. Cikin ɗan lokaci suka koya wa junansu sarrafa ta. Sai dai kada mu zarce da murna. Ƙasar Peru ta raba wa yara dubban ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa, wanda aka taɓa gwadawa a wata firamare ta Galadima a Abuja a 2007. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantun karkara wajen 300 na Peru ya nuna yaran sun iya aiki da na'urar, amma makinsu na lissafi da karatu bai ƙaru ba. Taɓawa tana kore tsoro. Sauran aikin yana nan yana jiran malami.

Makullin da ke aljihuna

Yanzu ga laifina. Akwai shekarar da wata ƙungiya ta kawo wa makarantar da nake shugabanta kwamfutoci shida da faifan hasken rana da batura. Aka yi biki, aka ɗauki hoto, aka sa ni na sa hannu a takarda cewa suna wuyana. Daren nan ban yi barci ba. In yaro ya fasa ɗaya, me zan gaya wa sufeto? In yara suka gane ni kaina ban iya ba, ina zan sa fuskata? Washegari na sayi kwaɗo na datse ɗakin.

Muka koma koyar da kwamfuta a kan tablo. Na zana allon haruffa da alli, yara suka kwafe a kaye, suka haddace sunayen sassanta da Faransanci, suka ci jarrabawa. In baƙi za su zo sai a share ɗakin, a zaɓi yara uku masu tsabta a zaunar, a ja masu kunne kar su danna komai. Bayan shekara biyu da muka tashi yin amfani da su, ƙura ta cika su, ɓera ya ci wayoyi, baturan sun mutu don rashin kulawa. Abin da na ji tsoron yara za su yi, kwaɗona ya yi shi. Yara sama da ɗari suka wuce ta gaban wannan ƙofa kullum, suka fita da darasi ɗaya, wanda aka koya wa kawuna, aka koya mani: wannan ba naka ba ne.

Abin da ke gabanmu

Lokacin da za a kauce wa abin ya wuce. Maraɗi na da jami'arta tun 2010, wadda ake kira Dan Dicko Dankoulodo, kuma ɗalibin jami'a a yau ba ya rabuwa da buga rubutu da neman bayani. A ƙetaren iyaka, inda da yawanmu ke da dangi a Jibiya da Katsina, hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, daga 2015 ta mayar da ita gaba ɗaya haka. Yaron da ya san amsa amma hannunsa ke rawa a kan linzami, lokaci zai cinye shi. Har tsarin haruffan ya bambanta: namu na Faransa ne mai farawa da AZERTY, nasu QWERTY ne, ga kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ na harshenmu da sai an nuna wa yaro inda zai samo su.

Na san matsalolinmu. Na'urori sun yi kaɗan, wuta ba ta da tabbas, mun ga yadda garuruwa suka shiga duhu da Najeriya ta yanke lantarki a watan Agusta 2023, ga rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan bakin iyaka. Amma akwai abin da ba ya buƙatar ko dala.

Ƴan'uwana malamai, in akwai kwamfuta ko ɗaya ce a makarantarku, ku buɗe ɗakin. Darasin farko ya zama na yin kuskure: kowane yaro ya rubuta sunansa, ya goge, ya dawo da shi, ya kashe na'urar ya kunna, ya ga ba abin da ya fashe. Ku yi bayani da Hausa, sunayen Faransanci su biyo baya. In yaro ya maƙale, ku sa hannuwanku a baya ku yi masa kwatance da baki, kada ku karɓi linzamin. Ku zaunar da su biyu-biyu, mai ɗan sani da marar sani, don ganin sa'ansa ya yi ya fi masa ganin mushe ya yi. Ku ware wa ƴan mata lokacinsu, don in an haɗa, samari ke mamaye kujera. In ku kanku ba ku iya ba, ku faɗa. Ranar da na ce wa ɗalibaina, "Ni ma koyo nake," ban ga girmana ya ragu ba.

Iyaye kuma, mu rage "kar ka taɓa, za ka ɓata." Mu sa ido kan abin da yaro ke kallo, wannan wajibi ne, amma mu ba shi aiki na gaske: ya rubuta wa yayansa saƙo da cikakkun jimloli, ya lissafa kuɗin taki, ya nemo farashin wake. In za a kai takarda bugu, a biya kuɗin awa ɗaya yaro ya buga da kansa, ko da zai yi kuskure goma. Yadda ake barin ɗa namiji da salula, a bar ɗiya mace ma.

Ɗiyar ƙanena kuwa, washegari na ɗauko tsohuwar kwamfutata ta hannu, wadda na saya bayan na bar ɗakin nan ya lalace, na ajiye mata a kan tabarma. Na ce, "Rubuta sunanki, ki goge." Ta rubuta, ta goge. Na ce, "To, ɓata ta in gani." Ta yi dariya, ta danna nan ta danna can, wani abu ya buɗe, ta dube ni. Na ce ban san shi ba, ta nemi hanyar fita. Ta samo. Kwana uku muka yi haka, hannuwana a bayana. A rana ta huɗu ta shiga mota ta koma Maraɗi, da azahar saƙonta ya shigo salulata: "Baba, na cika."